Jirgin Da Muka Saya Wa Ɗiyarmu A Aboabo

Duk wanda ya taɓa kwana a Aboabo ko Sawaba a nan Kumasi ya san filin jirgin sama a bayan gidajenmu yake, kuma yaron da aka haifa a unguwannin nan tun bai iya cewa baba ba yake ɗaga kai in ya ji ƙugin jirgin Akra yana sauka. Yawancinmu da girma ya zo sai muka daina ɗaga kan. Ɗiyar ƙanwarmu ita ba ta daina ba. Ta gama sakandare, ta yi shekara biyu tana taya uwarta sayar da atamfa a Kejetia, tana nan a kan bakanta cewa ita tuƙin jirgi za ta koya, har ranar da takarda ta iso daga wata makarantar koyon tuƙi a Afirka ta Kudu cewa sun karɓe ta. A farkon shekarar 2025 ke nan.

Mu uku ne kawunnanta, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbanmu fita ne a Magazin ta Suame, ya fi shekara 30 yana kwance injin mota yana ɗaurawa. Na tsakiya malamin makaranta ne, shi aka bar wa alƙalami. Autanmu kuwa gyaran kwamfuta da waya yake yi a Adum. Mahaifin yarinyar Allah ya yi masa rasuwa tun tana ƙarama, saboda haka nauyin ya faɗo wuyanmu. Muka shiga susu, muka sayar da wani ɗan fili da muka gada, uwarta ta kwance abin da ta daɗe tana ƙullewa. Da muka zauna muka yi lissafi sai muka gane wani abu da ya hana mu barci, wato shi karatun jirgi awa-awa ake sayen sa. Dokar ƙasashe da yawa ta ce awa 40 ko 45 ne mafi ƙaranci kafin a ba mutum lasin na farko, amma yawancin ɗalibai sukan zarce haka, kuma kowace awa ta ƙari kuɗi ne tsaba. Abin da muka tara kuwa bai wuce mafi ƙarancin ba sai da kaɗan. Idan yarinyar nan ta ɓata awa goma tana neman inda makunni yake, to sai ta dawo gida ba takarda.

Autanmu ne ya kawo shawarar a haɗa mata kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin jirgi a ɗakin ƙofar gida, ta riƙa sabawa kafin watannin tafiya su cika. Ga wanda bai taɓa gani ba, manhaja ce da ke nuna maka cikin jirgi da sararin sama a gilashin kwamfuta, kana riƙe da sitiyari irin na jirgi, ita kuma tana lissafa yadda iska da nauyi da ƙarfin inji za su yi da kai. Ba sabon abu ba ne. Tun 1982 kamfanin Microsoft ya fitar da tasa, kuma ƙaramin jirgi ne ƙirar Cessna ya fara zuwa a cikinta. Akwai X-Plane, akwai kuma FlightGear wadda kyauta ce. Mu mun tsaya a kan ta Microsoft da ta fito a watan Agusta na 2020. Akwai wadda ta biyo ta a Nuwamba 2024, to amma ita yawancin kayanta daga intanet take jawo su a lokacin da ake cikin tafiya, mu kuwa da kuɗin data muke saye muka ga tsohuwar ta fi daidai da aljihunmu. Manhajar takan zo da jiragenta, sai dai akwai wasu kamfanoni daban da ke ƙera jirage na ƙari suna sayarwa, ka saya ka cusa a ciki. A wurin zaɓen wannan jirgi na ƙari ne muka sha wuya, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Sayenmu na farko da ido muka yi shi. Muka buɗe kasuwar jiragen, muka yi ta kallon hotuna kamar masu zaɓen lefe, har muka tsaya a kan wani mai kujeru huɗu, fari da ratsin shuɗi. Kai, kyau kam ba a magana! Ana ganin ɗinkin fatar kujera, ana ganin ƙura a gefen gilashi, in rana ta faɗi sai fentinsa ya riƙa walƙiya. Ba za mu ambaci masu shi ba, domin ba wanda ya tilasta mana. Kuɗin da zai ciyar da gidanmu mako guda muka biya da katin bankin autanmu, kuma irin wannan haja in ka saya ta sayu, da wuya a mayar maka da kuɗinka. Mako biyu yarinya tana tashi tana sauka lami lafiya, muna tsaye a bayanta muna jinjina, har babbanmu ya fara cewa ashe tuƙin jirgi bai kai tuƙin tirela a hanyar Techiman wuya ba.

Muna da wani dattijo a layinmu, tsohon makanikin jirage ne na sojan sama, ya yi aiki a Takoradi har ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Shi ne ma ya kashe bakin dangin da suka ce mace ba ta tuƙa jirgi, ya ce musu tun 1964 Melody Danquah ta tashi jirgi ita kaɗai a ƙasar nan. Muka gayyato shi don ya zo ya yaba. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya tambayi auta ko ya kashe duk wani taimako da kwamfuta ke yi wa matuƙi a ɓoye. Auta ya duba ya ce an kashe. Sai Baba ya ce, "To 'yata, ɗora shi a kan titi, ki danna totur har ƙarshe, kada ki taɓa komai." Ta danna. Jirgi ya miƙe samɓal kamar an ja shi da zare. Baba ya girgiza kai. Ya sa ta ja jan maɗaurin da ke rage man da ake gaurayawa da iska, ta ja har rabi, allurar inji ko motsi ba ta yi ba. Suka hau sama, ya sa ta rage wuta ta yi ta jan hanci sama har gudu ya ƙare, jirgi ya riƙa saukowa a hankali kamar gashin kaza, fiffike bai karkace ba, hanci bai faɗi ba. Ya taɓa makunnai biyar, uku daga ciki zane ne kawai.

Sai ya juyo ya dube mu ya ce, "Ku yaran nan, hoto kuka saya."

Bayanin da ya yi mana a daren shi ya buɗe mana ido. Ya ce ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, in ka ba shi wuta duka alhali gudunsa bai kai ba, dole hancinsa ya nemi hagu. Injin yana murɗa jikin jirgin saɓanin yadda farfela ke juyawa, iskar da farfela ke turawa baya kuma tana nannaɗe jikin jirgin ta je ta bugi wutsiya ta gefen hagu. Maganin abin ƙafar dama ce a kan fedar wutsiya, kuma duk malamin tuƙi a duniya muryarsa takan dushe a kan wannan ƙafa. Jirgin da bai nemi ƙafar ba, to yana koya wa yarinya ajiye ƙafafu a ƙasa ne, ranar da ta shiga na gaske kuma sai an biya kuɗin awa biyu ko uku kafin a cire mata wannan hali. Ya ce ɗalibin da bai san komai ba ya fi sauƙin koyarwa a kan wanda ya iya kuskure har ya zauna masa a jiki. Babbanmu ya ce haka abin yake a gareji, yaron da ya zo daga wani ubangida da hannun banza ya fi sabon yaro wahala. Mako biyun da muka yi muna jinjina, ashe baya muke ja.

Daga nan gardama ta tashi a tsakaninmu, ta kai kwana goma, a kan ataya ake yin ta kowane dare. Auta ya shiga bincike ya dawo da suna ɗaya a bakinsa, wato Comanche 250 na kamfanin A2A da ke Amurka, wanda ya fito wa wannan manhaja a 2023. Kuma gaskiya ce, duk inda masu wannan sha'awa suka taru suna maganar ƙaramin jirgi mai kama da gaske, sunansa yana cikin na farko. Ana zagaya shi a ƙasa a dudduba kafin a tashi, ana auna baƙin mai, filogi yakan yi datti in ka bar inji yana ta aiki a hankali da mai da yawa, kuma ba ya mantuwa, wato yadda ka wulaƙanta shi yau haka za ka same shi gobe. Babbanmu da ya ji batun filogi sai ya miƙe tsaye ya ce shi ke nan, an gama, wannan za a saya. Kuɗinsa ya kusa dala 50. Baba ya bar mu muka gama zumuɗi, sannan ya ce shi bai ga aibin jirgin ba ko ɗaya, amma mu duba wane irin jirgi ne aka kwaikwaya. Piper Comanche na gaske inji mai silinda shida gare shi, ƙarfin doki 250, tayoyinsa naɗewa suke yi su shige ciki, farfelarsa kuma tana da nata maɗaurin daban da ake sarrafawa. Jirgin tafiya ne na wanda ya riga ya iya, an ma daina ƙera shi tun 1972 lokacin da ambaliyar ruwa ta ci masana'antar Piper a garin Lock Haven. Ya ce wa zai koya wa yaro mota da tirela don kawai tirelar ce ta fi lafiya a gareji?

Mai alƙalamin nan kuwa ta wajen rowa ya ɓullo, ya ce a haƙura da sayen komai. Ai manhajar ta zo da Cessna 152 da Cessna 172, kuma su ne jiragen koyo na duniya, ita 172 ma an ƙera fiye da 44,000 tun 1956, ba jirgin da ya kai ta yawa. Har yanzu muna ganin wannan magana tana da ƙarfi, kuma duk ɗan'uwan da ke da yaro mai son abin nan amma ba hali, muna ba shi shawara ya fara da su, ko ya ɗauko FlightGear wadda ba a biyan ko sidi ɗaya, akwai Cessna 172 mai kyau a cikinta. Ya sayi fedar ƙafa da kuɗin, ta fi masa kowane jirgi amfani.

Duk wannan hayaniya da muke yi ba wanda ya tuna ya tambayi mai abin. Ran nan tana kawo mana kofuna sai ta ce, "Kawu, ni fa na rubuta wa makarantar na tambaye su da wane jirgi suke koyarwa." Muka yi tsit. Ta ce sun amsa, Piper Warrior ne, har sun aiko mata da jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi. Kunya ta kama mu, manya uku da furfura, kwana goma muna cinikin biri a sama.

Amsar nan ta rushe shawarar rowa ma, domin Warrior da Cessna ba ɗaya ba ne, ko da yake dukansu jiragen koyo ne. Ita Cessna fiffikenta a sama yake, mai yana gangarowa da kansa zuwa inji, kuma a 172 akwai wurin da za ka ajiye makunnin mai ya riƙa sha daga tankuna biyu a lokaci guda ka manta da shi. Shi Warrior fiffikensa a ƙasa yake, saboda haka famfo ne ke jawo man, akwai na jikin inji akwai kuma na lantarki da ake kunnawa wajen tashi da sauka da lokacin canja tanki. Makunnin mansa hagu ne ko dama ko a kashe, babu duka biyu. Kowane tanki galan 24 ake iya amfani da shi, kuma matuƙi ne zai riƙa tunawa yana canjawa. Leɓen fiffiken da ake saukarwa don rage gudu, wanda matuƙa ke kira filaf, ba lantarki ke motsa shi ba, sanda ce a tsakanin kujeru kamar birkin hannu na mota, ana jan ta mataki uku, digiri 10 da 25 da 40. Wanda ya saba da Cessna ya shiga Warrior, hannunsa zai je inda babu komai.

To sai tambayar ta sauya. Muka daina neman jirgin da ya fi kowanne, muka koma neman wanda ya fi kama da Warrior ɗin da za ta taɓa da hannunta. Wannan karon ba mu kalli hoto ba. Auta ya samo littafin jirgin na gaske, wanda kamfanin Piper ya rubuta wa matuƙa, muka buga shafukan da ke da lambobi. Sannan muka nemo littafin bayanin da masu ƙera na kwamfutar suka rubuta, muka karanta kafin mu biya. A nan muka lura da wani abu, wanda ya yi aiki na ƙwarai yakan cika littafinsa da yadda man ke tafiya da yadda batir ke ƙarewa da yadda ake tayar da inji in ya yi sanyi ko ya yi zafi, wanda kuwa fenti ya sayar maka, a kan yawan launuka zai tsaya. Muka kalli bidiyon mutanen da ke tuƙa irin jirgin a zahiri suna gwada na kwamfuta, muka ƙyale na masu ihu da kiɗa. Muka kuma tabbatar an yi shi ne don manhajar da muke da ita, domin jirgin wata ba lallai ya shiga wata ba. A ƙarshe muka tsaya a kan Warrior II na kamfanin Just Flight da ke Ingila, waɗanda suka ce daga jikin wani jirgi na gaske da ke can suka ɗauki awonsa.

Ranar da aka saka shi Baba ya zo da fensir. Injin Warrior II ƙirar Lycoming ne mai silinda huɗu, ƙarfin doki 160, kuma da kafireta yake aiki, abin da ya sa babbanmu ya ji kamar ɗan'uwansa ya gani. Kafin tashi ana taka birki a kai inji juyi 2,000 a minti. Kowace silinda filogi biyu gare ta, magnito biyu ne kuma ke ba su wuta, sai a kashe ɗaya a ga yadda allura za ta sauka, a mayar, a kashe ɗayan. Littafi ya ce kada saukar ta wuce 175, kada bambancin biyun ya wuce 50. Yarinya ta murɗa makulli, allura ta ɗan sunkuya, Baba ya rubuta. Ta danna totur, hanci ya nufi ciyawar hagu, ta yi ihu, Baba ya yi dariyar da ba mu taɓa jin ya yi ba. Gudun jirgi da not ake auna shi, wato mil ɗin teku a awa guda. Littafi ya ce a not 79 ya fi saurin hawa, in inji ya mutu kuma a not 73 ya fi nisan lilo, sannan fiffike yakan daina ɗaukar sa a wajen not 50, ko 44 in an sauke filaf duka. Ɗaya bayan ɗaya suka gwada, lambobin suka zo kusa da na takarda, kuma da gudu ya ƙare sai ƙararrawa ta yi kuka, jirgi ya yi rawar jiki, hanci ya sunkuya. Baba ya ajiye fensir ya ce a zuba masa ataya.

Abu biyu muka koya a makonnin da suka biyo baya waɗanda ko a mafarki ba mu zata ba. Na farko zafi. Iska in ta yi zafi takan yi shara-shara, sai fiffike da farfela da inji duk su ji kamar a kan dutse suke. Matuƙa suna da lissafi na kai tsaye. Ana ɗauka zafin iska digiri 15 ne a bakin teku, yana raguwa da digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, to duk digiri ɗaya da ya ɗaru a kan haka sai ka ƙara wa tsayin filin ƙafa 120. Filin Tamale wajen ƙafa 550 yake, amma a watan Maris in zafi ya kai digiri 40, jirgi ji yake kamar yana wajen ƙafa 3,700. Filayen da ke kewayen Johannesbag kuwa, inda ɗiyarmu za ta, sun haura ƙafa 4,000, na Rand ma ya kusa 5,500. Muka kai ta can a kwamfuta, muka sa zafi digiri 30, lissafi ya ba da wajen ƙafa 8,600. Injin da ba shi da tabo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, wato rubu'in dawakan sun tafi ke nan. Jirgi ya yi ta gudu a titi ya ƙi tashi, da ya tashi kuma da ƙyar yake hawa, sai da ta koyi rage man da jan maɗaurin nan kafin inji ya washe. Farin jirginmu na farko, da muka gwada shi a wuri ɗaya da zafi ɗaya, tsalle ya yi kamar ba abin da ya faru.

Na biyu ƙanƙara. Ranar da Baba ya ce kafireta tana iya yin ƙanƙara a sararin Kumasi, babbanmu ya ce Baba dai tsufa ya fara. Ashe gaskiya ne. Iska in ta matse ta wuce ta maƙogwaron kafireta, fetur kuma yana zama tururi a wurin, sanyin da ke samuwa yakan sauke zafinta da digiri 20 ko fiye. In iskar tana da laima, irin tamu ta damina, sai ruwan cikinta ya daskare ya toshe hanya a hankali, ko da a waje ana digiri 30. Don haka aka yi wani maɗauri da ke turo iska mai ɗumi daga wajen salansa. Shekara 30 yana wanke kafireta, bai taɓa jin wannan ba sai a ɗakin ƙofar gidanmu. Don ya huce haushi sai ya tafi Magazin ya ciro birkin hannu na wata tsohuwar mota, ya yanka masa haƙora uku, auta ya haɗa masa waya, ya zama sandar filaf. Fedar ƙafa kuwa ta hannu muka samu a Akra, kuma kuɗinta ya fi na jiragen biyu a haɗe.

Kada mai karatu ya ɗauka mun ce kwamfuta tana koya tuƙin jirgi. Awannin da aka yi a gida ba a rubuta su a littafin matuƙi, ba hukumar da za ta ƙidaya su. Kujera ba ta motsi, jiki ba ya jin jirgi yana nutsewa ko yana zamewa, nauyin sitiyari kuma ba ya sauyawa da gudu kamar na gaske. Akwai ma wata cuta da take sa wa mutum, wato kafe ido a kan allurai, alhali ɗalibi waje ake so ya riƙa kallo, ya auna hancin jirgi da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Baba yakan ɗauki ɗankwalin uwarta ya rufe rabin gilashin na ƙasa, ya ce ta zagaya fili ta sauka haka nan. Game da saukar kanta kuwa cewa ya yi kada ta yarda da abin da hannunta ya koya a nan, ta bar wa malaminta. Abin da ya ce ta ɗauka ta tafi da shi shi ne tsari, wato me ake taɓawa, a wane lokaci, me ke bin me.

A kan tsarin ne kuma ya kama ta. Wata Asabar ta shirya tashi daga Kumasi ta zagaya tafkin Bosomtwe, wanda bai fi kilomita 30 daga gari ba, ta dawo. Ta riga ta saba, har ta fara karanta jerin dubawar da ka tana tsallake layi. Uwarta ta kira ta cikin gida, kafin ta dawo Baba ya sa auta ya rage man tankin hagu ya bar galan 3 kacal. Ta dawo ta zauna, ba ta dubi ma'aunin mai ba, ta tashi. Wajen minti goma sha biyar, tafki ya bayyana a gaba, zagayayye a cikin duwatsunsa, sai inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ɗakin ma ya yi shiru. Muna gani ta ja sitiyari baya, abin da ba a yi, gudu ya zube, ƙararrawa ta kama kuka, ta murɗa makulli, ta danna totur, ta sake murɗawa. Ba ta kai hannu wajen makunnin mai ba har jirgi ya shiga cikin itatuwa. Galan 24 na nan cike a tankin dama.

Ba wanda ya yi dariya. Ta zauna hannunta yana rawa, ko da yake ta san a kan kujerar roba take a Aboabo. Uwarta da ke tsaye a bakin ƙofa ta juya ta koma ciki, ba ta ci abincin dare ba, kuma mun san abin da take tunani domin mu ma shi muke tunani. Baba ya bari aka jima, sannan ya ce, "'Yata, jirage da yawa sun faɗi da mai a cikinsu. Ɗauko takardar." Ta ɗauko ta karanta da ƙarfi: a riƙe not 73, a juya makunni zuwa tankin da ke da mai, a kunna famfon lantarki, a tura jan maɗauri gaba, a buɗe iska mai ɗumi. Ya sa aka mayar da ita daidai wurin, inji ya sake mutuwa, ta bi layi-layi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya yi tari ya kama. Sau goma sha ɗaya suka maimaita a daren, har wuta ta ɗauke.

Washegari ta je Kejetia ta sayo ɗan agogon kicin mai ƙararrawa, ta riƙa saita shi minti 30, in ya kaɗa ta kunna famfo ta canja tanki ta dubi allurar matsin mai ta kashe famfo. Da shi ta tafi a cikin jakarta bayan babbar salla. Kwamfutar tana nan a ɗakin ƙofar gida, yaran layi sun mayar da ita tasu, Baba yana zuwa ran Asabar yana yi musu tsawa a kan ƙafar dama. Auta kuwa ya buɗe wani ɗan asusu a shagonsa, ya ce ko za a mutu sai ya sayi Comanche ɗin nan, babbanmu har ya riga ya zuba masa sidi 100 a ciki.